Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya Ta Jihar Kano: Wa Ya Yanke Wayar?



Ranka ya daɗe. Mutanen Kano sun san hukumarka da kamen jabun magunguna, da abincin da wa'adinsa ya wuce, da man girkin da aka yi wa algus, kuma babu mai raina wannan aiki. Ni kuwa na ɗauko alƙalami ne a kan wani kaya da ba ya wari, ba a buga masa ranar lalacewa, ba a kuma loda shi a mota a kai bayan gari a ƙone a gaban 'yan jarida, amma kullum yana cin kuɗin talaka, wani sa'in ma har da ransa. Wayarin nake nufi: wanda ake ƙara wa sabon babur da Adaidaita Sahu a shagon dila, da wanda ke kai wuta ga fitilun bayan tirela. Buƙatata ɗaya ce. Duk wanda ya sa hannu ya yanke waya a jikin abin hawan wani, ya karɓi kuɗi a kan haka, a tilasta masa ya rubuta abin da ya yi, ya sa sunansa, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai biyo baya.

Wani zai ce me ya haɗa babur da tirela. Titi ne ya haɗa su, kuma da daddare suke haɗuwa. Bompai tun zamanin Turawa take da masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Gaskiya ne da yawa sun rufe, musamman masaƙu, amma waɗanda suka rage, na jima da na roba da na abinci da na casar shinkafa, har yau da tirela suke shigo da kaya, da ita suke fitarwa. Da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Zawaciki a watan Janairun 2023, sai ga wani dalilin kwantena ta bi ta Kumbotso. Motar da ta iso ƙofar kamfani bayan an tashi daga lodi ba ta da wurin kwana sai gefen titi. Ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare kuwa, wanda gidansa ke Panshekara ko Ja'en ko Sabuwar Gandu, ko na Bompai da zai nufi Dakata ko Sauna, a kan babur ɗinsa zai bi ta nan. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, babur ya koma ƙafar mai shi, Adaidaita Sahu ta ɗauke fasinja, kurkura ta ɗauke ƙananan kaya daga ƙofar kamfani zuwa Singa da Sabon Gari. To idan fitilar babur ta dushe, danjar tirela kuma ba ta kamawa, sai a ce tsautsayi. Ni na yarda da ƙaddara, amma a nan akwai hannun mutum sau biyu.

Bari in fara da shagon dila, domin nan ne hurumin hukumarka ya fi fitowa fili.

Babur yakan zo a kwali, a wargaje, yaran shago su haɗa shi a bakin titi mai saye na zaune a benci yana kallo. Kafin a gama ɗaure tayar gaba an fara yi masa tallar ƙari. A sa maka fitilar nan mai farin haske, Alhaji, ta kamfani ba ta gani. A sa maka oda mai ƙara. A sa wurin cajin waya. A sa ƙararrawar ɓarawo mai rimot. A sa tiraka, yanzu ai satar babur ta yi yawa. In Adaidaita Sahu ce, ga rediyo da sifiku biyu a bayan kujera, ga fitilun ado masu shuɗi da ja, wani ma har da 'yar fanka. Mai saye yana cikin murnar sabon abu, ga shi a shagon da ya saya ne ake ba shi shawarar, me zai sa ya yi zargi? Sai ya ce a sa.

Ka tsaya ka ga yadda ake sa su, ranka ya daɗe. Yaro zai cire murfin gaba, ya laluba damin wayoyin da kamfani ya naɗe, ya zaro wadda yake zaton ita ce ta makulli. Da reza zai fere ta, wani ma da haƙori. Ya murɗa sabuwar waya a kai, ya naɗe da salatif, in babu ya yago baƙar leda ya naɗa, ya ƙyasta ashana ya narka ta a kai. Ba dalma, ba fiyus, ba a duba kaurin wayar ba. Ya tura komai ciki ya mayar da murfi, ya danna oda ta yi ƙara, kowa ya yi dariya. Aka zo rubuta rasit kuwa, layi ɗaya ne: babur kaza, lambar inji kaza, kuɗi kaza. Kuɗin ƙarin an karɓa a hannu, ko an tura ta asusun yaron. A ƙasan rasit ɗin kuma ga gargaɗin nan da aka saba bugawa da Turanci, cewa abin da aka saya ba a dawo da shi.

Ƙanena yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kuma haka aka yi masa. Babur bai ƙare man farko da na biyu ba sai ya fara ƙin tashi da safe. Daga nan fitila ta riƙa rawa, rannan da daddare inji ya mutu masa tsakiyar titi, ga manyan motoci na wucewa. Ya turo shi gida. Da ya koma shagon, mai shago ya ce shi sayarwa kawai yake yi, garanti na kamfani ne, ga inda wurin gyaransu yake. A can makaniki ya buɗe murfi, ya ga leda a narke a kan waya, ya rufe, ya ce an taɓa wayarin, garanti ya tashi. Ya ce musu ai a shagon dilanku aka yi. Suka ce ina takarda? Ya dawo shago, aka ce yaron da ya yi aikin ba ma'aikacinsu ba ne, zama kawai yake yi a wurin, kuma ya kwana biyu bai zo ba. Ƙarshenta daga albashinsa ya sayi batir da rektifaya, ya biya wani mai wayarin ya warware duk abin da aka ƙulla. Kowa ya ba shi haƙuri, babu wanda ya ba shi ko sisi.

Abin da ya faru a cikin babur ɗin ba sihiri ba ne, lissafi ne. Ƙaramin babur irin wanda aka fi hawa a nan yana da kwayil da ke samar da wuta gwargwadon abin da kamfani ya ɗora masa, da ɗan rara kaɗan, da ƙaramin batir mai bolt 12. Duk wat 60 da aka ƙara, amfiya 5 ke nan ake ja. A yawancin irin waɗannan babura fitilar gaba daga kwayil take shan wuta kai tsaye, ita kuwa sabuwar mai farin haske wutar batir take so, shi ya sa ake jono ta daga can. Idan abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, batir zai riƙa ramewa har ya mutu, rektifaya kuma ta yi ta zafi. Tiraka da ƙararrawar ɓarawo ba sa barci; ko an kashe babur an rufe shi a zaure suna tsotsa, shi ya sa wanda ya ajiye shi kwana biyu zai tarar ba ya tashi. Mafi haɗari ita ce tirakar da ake iya kashe inji da ita daga nesa, domin sai an datse wayar makulli an ratsa ta ciki. Idan wannan ƙulli na murɗe ne kawai, girgizar titi za ta kwance shi, inji ya ɗauke a inda ba a shirya ba. Waya mara fiyus kuma in ta goge ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai yanke wutar, sai ta narke, ga tankin mai a samanta. Shi kansa fiyus ɗin kamfani, da ya ƙone sau biyu sai a cire a sa zaren waya a gurbinsa, a ce an yi maganin abin.

Ba zan zalunci kamfanoni ba. Wanda ya ƙera babur yana da haƙƙin ya ƙi biyan ɓarnar da ba shi ya yi ba. Su ma matuƙa ba malaiku ba ne. Akwai wanda zai fita daga shago da babur lafiya ƙalau, ya zarce Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya sayo tarkace a ɗaura masa a gindin bishiya, in ya lalace ya dawo yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Wannan shi ya ɗebo da zafi, bakinsa. Maganata a kan wanda aka yi wa aikin a ƙarƙashin allon da ke ɗauke da tambarin kamfani, a ranar ciniki, da bakin mai shago aka tallata masa. A nan kamfani ba zai ci ribar sunansa da ke rataye a ƙofar shago ba, sannan ranar matsala ya ce bai san shagon ba. Dila ma ba zai ci ribar fitila da tiraka ba, sannan ya ce yaron baƙo ne. Akwai kuma wata dabara da ya kamata a tsaya a kai: ko da tirakar ce ta kashe batir, mene ne haɗinta da giya da ta ƙi shiga, ko inji da ke shan baƙin mai? Amma da an ga salatif a waya sai a soke garantin babur ɗungurungum.

Halin 'yan Adaidaita Sahu ya fi wannan tsanani. Mafi yawansu ba da kuɗi hannu suka saya ba, balas suke kaiwa har su gama biya. Mai kayan shi ya zaɓi tiraka, shi ya zaɓi wanda zai sa ta, don ya tsare dukiyarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ranar da wayarin ya kama da wuta, yaron da ke tuƙi ne zai yi gyara daga aljihunsa, kuma balas ɗin ranakun da ya yi a gareji na nan na jiransa. Mutanen da suka ajiye aiki a 2021 da 2022 a kan haraji da kuɗin rajista, har gari ya tsaya cak, wannan asarar a ɗaiɗaiku suke haɗiye ta, don babu ofishin da suka san za su kai ta.

Abin takaicin shi ne doka ta riga ta yi magana. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, tana aiki a Kano kamar yadda take aiki a Abuja. Sashe na 118 ya wajabta wa mai sayarwa ya ba da rubutacciyar shaidar ciniki mai bayyana kayan da farashinsu, wato karɓar kuɗin tiraka a bayan rasit saɓa doka ne tun daga tushe. Sashe na 114 ya ce bayanin da ake bai wa mai saye ya kasance cikin harshe mai sauƙin fahimta. Ɗan littafin garanti mai ƙananan haruffan Turanci, wanda ake miƙa wa mutum a leda bayan ya biya, kai ma ka san bai cika wannan ba a wurin mafi yawan masu sayen babur a jihar nan. Sashe na 132 ya ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata 3 idan ba su kai ingancin da ya kamata ba, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, ko kamfani ya rubuta garanti ko bai rubuta ba. Sashe na 137 ya hana a yi amfani da wani sharaɗi ko sanarwa a kauce wa alhakin kaya masu aibi. Sai sashe na 145, wanda da za a rubuta shi da Hausa a manna a kowane shagon babur da rabin rigimar ta ƙare: idan aka yi zargin kaya ko aiki na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar ko ya yi aikin. Yau a kasuwa akasin haka ake yi. Talaka ne ake cewa ya kawo takardar da tun farko aka ƙi ba shi.

Ba ma sai mun je Abuja ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san mazhabar Malikiyya ta haramta ɓoye aibin kaya, ta ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba, ta kuma lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu. Mai shagon da ke sahun gaba a masallaci ya san wannan sarai. Don haka ba baƙon abu za ka kawo wa 'yan kasuwar Kano ba, tuni za ka yi musu.

A Amurka ma an sha wannan rigima. Tun 1975 suke da dokar garanti da ake kira Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai kayansa kaɗai za a sa. A watan Yunin 2022 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta ɗauki mataki a kan Harley-Davidson, shahararren kamfanin babura, saboda takardar garantinsa na nuna cewa zai ɓaci idan aka yi amfani da kayan wani ko makanikin waje, aka sa ya gyara takardar. Ƙa'idar da suke bi mai sauƙi ce: kamfani na iya ƙin biyan ɓarnar da ƙarin ya jawo, amma ganin ƙarin kaɗai bai isa a soke garanti ba. Wannan ƙa'ida nake roƙon ka shimfiɗa a nan, domin ta yi daidai da sashe na 145.

Yanzu tirela. Wataƙila ka ce wannan aikin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ne da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan bi-ai-o, ba naka ba. Kama mota aikinsu ne, na yarda. Amma ka dubi wanda ake kamawa. Direba ne, ko yaron mota, mutanen da ba su sayi kan motar ba, ba su ba da kwangilar bodi ba, ba su zaɓi kwan fitila ba. An bar jaki ana dukan taiki. Direba ya biya tara, ya kira mai wayarin na bakin hanya ya jona masa ta ko'ina don dai danja ta kama a gaban jami'i, kafin ya kai Kwanar Ɗangora ta sake mutuwa.

Yadda abin yake shi ne, tirela abu biyu ce aka haɗa, kuma sau da yawa ba gari ɗaya suka fito ba. Kai na iya zama tsohon Turai, ko sabo ɗan Caina. Bodi kuwa a nan gida aka yi waldarsa, ko ya yi shekaru yana yawo daga wannan kai zuwa wancan. Wutar babbar mota bolt 24 ce, tana ratsawa daga kai zuwa bodi ta wayar nan mai lanƙwasa da ke lilo a bayan direba. A tsarin da duniya ta amince da shi, soket ɗin yana da baki 7, kowane baki da aikinsa da launin wayarsa: fara ita ce mai mayar da wuta, ja ta birki, rawaya sigina ta hagu, koriya ta dama, baƙa da ruwan ƙasa na fitilun baya. Sababbin motocin Turai kuma soket mai baki 15 suke zuwa da shi. To idan kai mai baki 15 ya haɗu da bodi mai baki 7, maimakon a sayi mahaɗin da aka yi don haka, sai a datse soket ɗin gaba ɗaya a murɗa waya da waya. Mai ƙera bodi kuma da ya sayi nadin waya launi ɗaya, da ita zai yi komai, ya ratsa ta ramin ƙarfen da aka huda da wuta ba tare da robar kariya ba. Wanda zai zo gyara daga baya sai dai ya yi ta canka.

Wayar da aka fi rainawa ita ce farar, mai mayar da wuta. Da yawa ba sa jan ta har baya, sai su bar wuta ta koma ta jikin ƙarfe, ta farantin da bodi ke hawa a kai, wanda ke cike da giris da ƙura. Shi ya sa za ka bi bayan tirela ka ga fitilunta na ƙiftawa duk sanda ta faɗa rami. Shi ya sa direba zai taka birki sigina ta kama, ko ya sa sigina ta hagu duk fitilun baya su riƙa numfashi tare, domin wutar ta rasa hanyar komawa ta bi ta cikin wani kwan. Mai babur da ke biye ya ga alamar kwana alhali tsayawa za a yi. Ga kuma abin da unguwannin nan suka keɓanta da shi: motar da ke kawo fata mai gishiri Challawa ruwan gishirin na ɗiga a kan mahaɗan waya, mai ɗaukar taki ma haka, damina ta zo a kutsa cikin ruwa har gindin fitila, tagulla ta yi kore ta ruɓe. Sai kwan fitila na jabu, da na bolt 12 da ake sayar wa yaron mota a ce ai duk ɗaya ne, ya sa a wuta mai bolt 24 ya ƙone nan take.

Duk wannan ciniki ne, ranka ya daɗe. Mai mota ya biya miliyoyi an ƙera masa bodi, ba a ba shi ko zanen wayarin ba. Ranar da kwamfutar sabon kai ta ƙone saboda wata waya ta taɓa ƙarfe a baya, wanda ya sayar da kai zai ce laifin bodi ne, mai bodi ya ce laifin wanda ya jona ne, wanda ya jona kuwa ba shi da shago. Maganar shagon babur ce ta dawo, sai dai kuɗin ya fi yawa. Kuma a zamanin gwamnatin Ganduje an taɓa haɗa wa Baffa Babba Ɗan'agundi shugabancin KAROTA da riƙon wannan hukuma taka a lokaci guda, wato gwamnati da kanta ta san ofisoshin biyu na iya aiki tare.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi mai nauyi. Ka kira dilolin babura da na Adaidaita Sahu, da wakilan kamfanonin da suke sayar da kayansu, ku fitar da takarda guda, shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, har da ajami in ya samu. A rubuta duk abin da aka ƙara, da kuɗinsa, da ƙarfin wutar da yake ja, da girman fiyus ɗin da aka sa masa, da sunan wanda ya ɗaura, da amsar tambaya ɗaya ƙarara: wannan ƙari ya taɓa garanti ko bai taɓa ba, in ya taɓa, na wane sashe? Mai shago ya buga hatimi, mai saye ya riƙe kwafi. Duk abin da aka ɗaura a harabar shago ranar ciniki a ɗauke shi aikin shago ne, ko wane ne ya riƙe reza. Kamfani kuma in zai ƙi gyara, ya rubuta dalilinsa, ya nuna yadda ƙarin ya jawo wannan ɓarna takamaimai. Maganar baki ta makaniki a bakin gareji ta daina zama hukunci.

Za a yi gardama a kan wa ke da gaskiya, don haka hukumarka na buƙatar idon da ya san waya. Kano ba ta rasa su ba: akwai malaman lantarki da na kanikanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha da Jami'ar Bayero, akwai dattawan masu wayarin a ƙungiyar makanikai ta NATA waɗanda da kallo ɗaya za su gaya maka inda wuta ta fara. Mutum uku sun isa su duba babur su rubuta rahoton rabin shafi. Wanda bai gamsu ba ya ɗauki rahoton ya tafi kotun ƙananan ƙararraki, ko ya kai wa FCCPC. Yanzu hannu rabbana zai je, shi ya sa ba ya zuwa.

A ɓangaren tirela, a fara daga masu ƙera bodi da ke cikin jihar nan: soket na ƙa'ida, waya mai launi, farar waya har baya, tef mai ƙyalli a gefe da baya, da ɗan allon ƙarfe mai sunan wanda ya ƙera da shekarar da ya yi. Tef ɗin nan shi ne fitilar da ba ta buƙatar batir, kuma a Amurka tun ƙarshen 1993 aka wajabta shi a kan sababbin manyan tireloli. Mu kuwa har yau ganye ake karyowa a zuba a titi. Ka zauna da reshen ƙungiyar masu masana'antu na Sharaɗa da Challawa da na Bompai, da ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO, a kan abu ɗaya: kada mai gadi ya buɗe wa motar da aka yi wa lodi ƙofa sai direba ya taka birki an ga danja, ya sa sigina dama da hagu an gani. Minti biyu ne. Ka nemi KAROTA ta riƙa rubuta sunan mai mota da na wanda ya ƙera bodi a duk kamen da ta yi na rashin fitila, ta turo maka. Cikin 'yan watanni za ka ga sunayen da ke maimaituwa. Jabun kwan fitila da fiyus da siririyar waya kuwa, wannan kai da hukumar kula da ingancin kaya ta SON kun fi kowa sanin hanyar rumbunansu.

Na san diloli za su ce takarda za ta rage musu ciniki, wasu kuma su ce yaran da ke cin abinci a bakin shago za a kora. Ba korarsu nake nema ba. A koya musu sa fiyus da dalma, a ba su katin shaida, su ma sunansu ya zama jari. Wanda cinikinsa ba ya tafiya sai in ba a rubuta ba, dama shi ne aka kafa hukumarka dominsa.

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, kafin ka miƙa wannan wasiƙa ga wani kwamiti, ka sa a zaga da kai titin Panshekara zuwa Challawa bayan sallar isha'i, ba jiniya, ba rakiya, ka ƙirga da kanka tirela nawa ke tsaye ko tafe babu danja. Washegari ka aiki jami'inka cikin kayan gida ya tsaya a shagon babur ya ga abin da ake rubutawa a rasit. In ka ga abin da na faɗa, ka kira taron dilolin nan kafin watan ya ƙare.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare mu da tsautsayin hanya.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Sharaɗa, Kano.